Godiyar Ni'ima Ita Ce Ɗaukar Nauyinta: Darasi Daga Rayuwar Malam Abdullahin Gwandu

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, idan ka iske Bahaushe a bakin sana'arsa ka ce masa, "Ina aiki?" amsar da zai ba ka ita ce, "Aiki da godiya." Haka manomi zai ce maka a fadamar Birnin Kebbi, haka masunci zai ce maka a Argungu, haka kuma ma'aikaci zai ce maka a ofis. Mun saba da wannan gaisuwa har ba mu tsayawa mu dubi abin da ke cikinta, alhali kuwa magabatanmu sun ƙulla mana babban karatu a cikin kalmomi uku, watau sun haɗa aiki da godiya wuri guda. To, abin da muke so mu duba a wannan mako shi ne, shin godiyar da muke furtawa da baki tana bayyana kuwa cikin yadda muke ɗaukar nauyin rayuwarmu?

MECE CE GODIYA?

Malamai sun ce godiya tana tsayawa bisa abu uku. Na farko zuciya ta sakankance cewa ni'imar daga Allah take. Na biyu harshe ya ambace ta da yabon Wanda Ya bayar. Na uku, wanda shi ne mai wuya, gaɓoɓi su yi aiki da ita cikin abin da aka ba da ita dominsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin shekarar 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddini domin haƙuri da godiya, inda ya bayyana cewa godiya tana farawa da sani, sanin ya haifar da wani hali a zuciya, halin kuma ya haifar da aiki. Wanda aka ba shi idanu ya yi karatu da su ya gode. Wanda aka ba shi gona ya bar ta ciyawa ta cinye bai gode ba, ko da ya kwana yana jan carbi.

Alƙur'ani mai girma ya tabbatar da wannan. A cikin Suratu Saba'i, aya ta 13, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci iyalan Annabi Dawuda da su yi aiki domin godiya, kana Ya sanar da mu cewa masu yawan godiya kaɗan ne cikin bayinSa. A Suratu Ibrahim kuma, aya ta 7, Ya yi alkawarin ƙari ga wanda ya gode, Ya yi kashedin azaba mai tsanani ga wanda ya butulce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, da aka tuna masa cewa an riga an gafarta masa, sai ya nuna cewa wannan tsayuwa ita ce godiyarsa. Watau gwargwadon girman baiwa, gwargwadon nauyin da ke kan mai ita.

Wannan magana ba sai mun je nesa neman misalinta ba. A garin Gwandu, ba nisa da Birnin Kebbi, akwai hubbaren wani bawan Allah wanda rayuwarsa ta isa ta zama mana makaranta, shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, wanda fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi take ɗauke da sunansa.

WANDA YA SAN HAKKIN MALAMANSA

An haifi Malam Abdullahi cikin shekarar 1766, Shehu ya girme shi da shekara goma sha biyu. Ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, yana ɗan shekara goma sha uku aka danƙa shi hannun wansa. Daga nan bai rabu da shi ba, yana bin sa wuraren wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, yana kuma ɗaukar karatu wurin wasu malamai, kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru, da Alhaji Muhammadu Raji wanda suka karanta Sahihul Buhari wurinsa.

Bayan ya zama malamin da ake yi wa tafiyayya, sai ya zauna ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, wanda babu kome cikinsa sai lissafin malaman da ya yi karatu wurinsu, da littattafan da ya karanta wurin kowanne. Ku duba fa, mutumin da ya kai inda ya kai cikin nahawu da fiƙihu da tafsiri bai ga ƙasƙanci ba cikin faɗin cewa wane ne ya koya mini kaza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Mu tambayi kanmu, mu nawa ne muke iya tuna sunan malamin da ya fara rubuta mana allo? Mu nawa ne muka taɓa komawa muka gaishe shi bayan Allah Ya ɗaukaka mu? Matakin farko na gyaran kai shi ne mutum ya san cewa ba shi ya yi kansa ba.

RANAR DA YA JUYA BAYA

Da aka yi hijira zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, Malam Abdullahi yana cikin na farko da suka yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya shugabanci runduna a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara. A shekarar 1805 ya ja rundunar da ta ci Birnin Kebbi, daga baya jama'a ta koma Gwandu da zama. Amma kafin shekarar ta fita sai aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha kashi, aka yi hasarar mutane masu yawa.

A nan ne halin Malam ya bayyana. Cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati bai tsaya ga zargin abokan gaba ba, sai ya juya ya dubi cikin gida. Ya ambaci yadda wasu daga cikin rundunar suka washe wani gari da ke cikin amana kafin yaƙin, aka hana su suka ƙi hanuwa. Ya koka da cewa mutanen kirki da aka fara tafiya da su sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin waɗanda babban burinsu neman sarauta da tara dukiya da tufafin ado. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har a shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙi, ya sulale daga cikin runduna shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas da nufin zuwa ƙasa mai tsarki. Suka kwana uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

Wa zai ce nufinsa ba mai kyau ba ne? Mutum ne ya gaji da ganin ɓarna, yana neman inda zai tsira da addininsa. Amma da ya isa Kano sai mutanenta suka tsare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da al'amarin addini. Da ya duba sai ya ga abin nan da ya gudo dominsa yana nan a Kano yana jiransa. Ya faɗa musu haka, suka nace. Sai ya zauna ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma wallafa musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayyana haƙƙin da ke kan masu mulki da alƙalai. Bayan haka bai ci gaba da tafiya gabas ba, sai ya juyo yamma, ya komo wurin wansa da jama'ar da ya bari, ya sake ɗaukar kayan da ya sauke. Bai kuwa samu zuwa Makka ba har ya koma ga Allah.

Jama'a, a nan darasinmu yake. Allah Ya ba Malam Abdullahi ilmi, nauyin wannan ilmi kuwa shi ne ya tsaya cikin mutanen da ke bukatarsa, ko da halinsu yana ɓata masa rai. Da ya wuce abinsa, da watakila ya sami natsuwar kansa shi kaɗai, amma da ƙasar nan ta yi hasarar littattafan da har gobe ake karantawa a zaure da makarantu. Hausawa sun ce gudun gara ba ya hana a faɗa gidan zago. Wanda bai koyi tsayuwa bisa haƙƙinsa a gida ba, duk inda ya je zai tarar da jarrabawarsa ta riga shi isa. Kuma abin lura, shi da kansa ya rubuta wannan labari, bai ɓoye shi ba don kada a ce ya taɓa karaya.

JARRABAWA TA BIYU

Cikin shekarar 1812 Shehu ya raba aikin lura da ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato. Masu tarihi sun ruwaito cewa Malam Abdullahi ya taho ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya koma Gwandu. Shi ne babba a shekaru, shi ne wazirin Shehu tun farko, ba wanda ke musun iliminsa. Da mai son zuciya ne, da a nan ya sami hujjar ta da fitina. Bai tara runduna ba, bai raba kan jama'a ba.

'Yan shekaru bayan haka mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya zo da runduna ya taimake shi. An ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi nufin sauka daga kan doki don girmama baffansa, sai Malam ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Ɗan ya san girman uba, uban kuma ya gode wa ɗan da ya kawo masa gudummawa, aka binne abin da ya wuce.

Daga nan ya bar yawancin hidimar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. Tun da fari ya gama babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira cikin 1961 a juzu'i huɗu. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya taƙaita shi cikin wani littafi mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mazhabar Maliki waɗanda mutanen ƙasar nan suka sani. Malamin da bai ce laifin ɗalibai ne da suka kasa ganewa ba, ya koma ya sauƙaƙa musu, wannan shi ne ya san ma'anar ɗaukar nauyi. Ya rasu a Gwandu cikin 1829.

TO, MU FA?

Allah Ya yi wa mutanen wannan kwari baiwar da ba kowa ya samu ba. Gulbi ya ratso ta Argungu da Birnin Kebbi ya nufi Kwara, ya bar mana fadama mai faɗi, ana shinkafa da damina, ana yi da rani, ga kifi, ga makiyaya. Ya kuma ba mu ni'imar da ta fi waɗannan, watau sulhu bayan gaba. Kakanninmu na Kabi da na Gwandu da Sakkwato sun shafe shekaru masu yawa suna yaƙi da juna, amma cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi kamun kifi don karrama shi, daga nan bikin da duniya ta sani a Matan Fada ya samo asali. Cikin watan Agusta na 1991 kuma aka ba jikokin mayaƙan Kabi da na Gwandu jiha guda tasu, Birnin Kebbi ta zama babban birninta.

Sai mu tuna da mutanen Saba'i, waɗanda Alƙur'ani ya ba da labarinsu a surar da ke ɗauke da sunansu, aya ta 15 zuwa ta 17. An ba su gonaki dama da hagu, aka ce su ci su gode, suka bijire, sai madatsar ruwansu ta ɓalle, gonakin suka koma itatuwa marasa amfani. Ba muna cewa duk wanda ambaliya ta ci gonarsa, kamar yadda ta yi wa manoman shinkafa da yawa a wannan jiha cikin 2020, butulci ya yi ba. A'a, Allah Yana jarraba salihai, kuma wanda ya yi haƙuri ya koma gona da rani yana cikin masu godiya. Abin tsoro shi ne ni'ima ta zo a yi wasa da ita.

Ga misali guda. Cikin watan Nuwamba na 2015, a nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya. Akwai waɗanda suka karɓa suka noma suka biya, Allah Ya saka musu da alheri. Akwai waɗanda bala'i ya faɗa wa gonarsu, waɗannan suna da uzuri. Amma akwai kuma waɗanda suka ɗauki rancen tamkar rabon ganima, suna cewa ai kuɗin gwamnati ne. Ya ɗan'uwa, bashi bashi ne ko na wane ne. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome in ban da bashi. Wanda ya ƙi biya yana da hali ya toshe ƙofa ga na bayansa, kuma ya yi irin abin nan da Malam Abdullahi ya koka da shi, na cin abin da ke cikin amana.

Haka nan samari masu jini a jika da ke wuni a gindin bishiya suna lissafin laifin shugabanni. Ba mu ce shugabanni ba su da laifi ba, kuma faɗa musu gaskiya wajibi ne, ai Malam Abdullahi littafi sukutum ya rubuta a kan haƙƙin da ke wuyansu. Amma laifin wani ba ya sauke maka naka. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi biyu ne da mutane da yawa suke tafka hasara cikinsu. Ranar lahira ba za a tambaye ka yadda aka raba kasafin kuɗi ba in ba kai ka raba ba, amma za a tambaye ka ƙuruciyarka. Wanda kuma ya bar gida don neman halal bai yi laifi ba, muddin neman ya fitar da shi, ba gudun nauyin iyaye ko na iyali ba.

Mai gida, 'ya'yanka ni'ima ne, godiyarsu ita ce ka ciyar da su, ka karantar da su, maza da mata, ka san inda suka kwana. Ma'aikaci, albashinka ni'ima ne, godiyarsa ita ce ka zo kan lokaci, ka sallami talakan da ke tsaye bakin ƙofarka ba tare da ka sa ido ga aljihunsa ba. Malami, iliminka ni'ima ne, godiyarsa ita ce ka sauko da shi inda masu rauni za su iya ɗauka. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma kowa abin tambaya ne game da abin kiwonsa.

KADA A FAKE DA ƘADDARA

Wani zai ce, ai kome rubutacce ne. Gaskiya ne, kuma imani da ƙaddara rukuni ne na imani. Amma ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan musiba ta auku, ba a yin matashin kai da ita tun kafin a yi ƙoƙari. Ku dubi bambancin Annabi Adamu da Iblis cikin Suratul A'arafi. Annabi Adamu da matarsa sun amsa cewa su suka zalunci kansu, suka nemi gafara, aka karɓi tubarsu. Iblis kuwa ya jingina ɓatansa ga Ubangijinsa, sai ya halaka. Suratur Ra'adi, aya ta 11, ta sanar da mu cewa Allah ba Ya canja halin da mutane ke ciki sai sun canja abin da ke zukatansu, Suratun Najmi kuma, aya ta 39, ta nuna cewa mutum ba shi da kome sai abin da ya aikata. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umurci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Ko a karin maganarmu ma, Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Saboda haka muna ba kanmu da masu karatu shawara. Kowane dare, kafin ka kwanta, ka zaɓi ni'ima guda cikin waɗanda ke hannunka, ko lafiya, ko gona, ko sana'a, ko ɗa, ka tambayi kanka me ka yi da ita yau. In akwai bashin da kake iya biya, ka fara biya ko kaɗan-kaɗan. In akwai wanda ya taɓa yi maka alheri ba ka gode masa ba, ka neme shi tun yana da rai, in ya riga mu gidan gaskiya ka yi masa addu'a, ka kyautata wa bayansa. In akwai wani haƙƙi da ka gudu ka bari, na iyaye ko na mata ko na maƙwabci, ka juyo kamar yadda Malam Abdullahi ya juyo daga Kano. Sa'an nan cikin al'amarin duniya ka riƙa duban wanda yake ƙasa da kai, kamar yadda hadisin Muslim ya yi horo, domin kada ka raina abin da Allah Ya ba ka. In ka yi haka, to, ranar da aka ce maka "Ina aiki?" ka amsa "Da godiya," gaskiya ka faɗa.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da Bello da sauran magabatanmu na Gwandu da na Kabi. Allah Ya sanya mu cikin bayinSa 'yan kaɗan masu godiya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani, amin.